Metta a Addinin Buddha: Shin Son Alheri ga Kowa Yana Kai Mutum ga Kuɓuta?

Wani ɗalibi mai nazarin addinai ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya karanta cewa mabiya addinin Buddha suna da wani zaman tunani da suke kira metta, inda mutum zai zauna shiru yana yi wa kowa fatan alheri, har da maƙiyinsa. Abin da yake son sani shi ne: a wurinsu wannan kaɗai ya isa ya kai mutum ga kuɓutar da suke nema, ko kuwa gyaran hali ne kawai?

Ɗan'uwa, tambayarka ta faɗa daidai kan gaɓar da su kansu malaman addinin suka daɗe suna kai-komo a kanta. Abin da mafi yawan tsofaffin nassosinsu suka nuna shi ne metta tana 'yanta zuciya da gaske, amma 'yancin na aro ne, ana iya karɓe shi. Ba ya zama na dindindin sai an haɗa shi da wani abu na biyu. Zan yi maka bayanin da ma'auninsu, kamar yadda su suke faɗa, domin addinin wasu ba ya fahimtuwa idan an auna shi da mudun da ba nasa ba.

Metta kalmar Pali ce, harshen da aka adana tsofaffin koyarwar Buddha a cikinsa, kuma tushensu ɗaya da mitta, wato aboki. Ba soyayya ba ce, ba kuma tausayi ba. Ita ce irin zuciyar da aminin kirki yake da ita game da kai: yana so ka zauna lafiya, ba don zai ci wani abu a jikinka ba. Ita ce ta farko cikin halaye 4 da suke kira brahmavihara, masaukan Brahma, wani mai rai mai ɗaukaka a akidarsu. Sauran ukun su ne karuna, tausayin mai wahala, da mudita, jin daɗin samun da wani ya yi, wato kishiyar hassada, sai upekkha, zuciyar da ta daidaita ba ta karkata ga kowa.

Ita kuma kuɓutar, a akidarsu ba shiga aljanna ba ce. Sun yi imani cewa mai rai yana cikin zagaye na haihuwa da mutuwa da sake haihuwa, wanda suke kira samsara, kuma abin da ke juya wannan zagaye wuta ce iri uku: kwaɗayi, ƙiyayya, da ruɗu. Nibbana ita ce mutuwar wannan wutar baki ɗaya. Ka riƙe ukun nan da kyau, don amsar tambayarka tana cikinsu. Metta ruwa ce da ake zubawa a kan ta biyu.

Wani abin da ke rikita mai karatu daga wajenmu shi ne lafazin. Idan ka ji suna cewa sabbe satta bhavantu sukhitatta, ma'ana dukan masu rai su kasance cikin jin daɗi, sai ka ɗauka addu'a ce. Ba ita ba ce, domin babu wanda ake roƙo. Mai yin ba ya tsammanin maganarsa za ta sauya rabon wanda ya ambata. Zuciyarsa yake horarwa, kamar yadda ake horar da doki, har ta saba da nufin alheri ta daina zabura zuwa ga mugunta. Musulmi zai tuna hadisin da ya ce imanin ɗayanku ba ya cika har sai ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa. Kamar tana nan a hali, amma ginshiƙin da kowanne ya tsaya a kai daban ne, kuma adalci ga ɓangarorin biyu shi ne kada a cakuɗa su.

Wanda ya tsara aikin dalla-dalla shi ne Buddhaghosa, malamin da ya zauna a babban gidan zuhudu na Mahavihara a birnin Anuradhapura na Siri Lanka a ƙarni na 5 miladiyya. A littafinsa Visuddhimagga, wato Hanyar Tsarkaka, ya kawo abubuwa 40 da ake tattara hankali a kansu, ya ware babi na 9 ga halayen nan huɗu. Ya ce mutum ya fara da kansa: in zauna lafiya, in rabu da ƙiyayya, in rabu da damuwa. Dalilin farawa da kai ba son kai ba ne, shaida ake nema. Akwai labarin Sarki Pasenadi na Kosala da ya tambayi matarsa Mallika ko akwai wanda ta fi so fiye da kanta. Ta ce babu. Ta mayar masa da tambayar, shi ma ya ce babu. Da ya kai maganar wurin Buddha, sai Buddha ya ce haka kowa yake, ko'ina ka duba ba za ka sami wanda ya fi soyuwa ga mutum kamar kansa ba, saboda haka mai son kansa kada ya cuci wani. Wato ka fara jin yadda kake gudun ciwo, sannan ka san haka na gabanka yake gudunsa.

Daga kai sai malami ko wani da kake girmamawa. Daga shi sai amini. Daga amini sai wanda ba ka so ba ka ƙi, irin mutumin da kuke gilmawa kullum a hanya ba ka taɓa tambayar sunansa ba. Maƙiyi shi ne na ƙarshe. Buddhaghosa ya hana a yi wa mamaci, ya kuma gargaɗi mai koyo game da keɓe wanda sha'awa za ta iya shiga tsakaninsu. Ya kawo labarin ɗan wani waziri da ya tambayi wani dattijo cikin masu zuhudu wa zai fara yi wa metta. Dattijon ya ce wanda kake ƙauna. Mutumin nan matarsa yake ƙauna, ya zauna yana tunaninta, sha'awa ta taso masa, ya kwana yana fama da bango.

Wannan labarin yana nuna abin da na fi ganin hikimarsa a duk babin. Buddhaghosa ya ce kowanne cikin halayen huɗu yana da maƙiyi biyu, na nesa da na kusa. Na nesa ga metta shi ne mugun nufi, kuma gane shi ba wuya. Na kusa shi ne shaƙuwa da sha'awa, wanda ke zuwa sanye da rigar metta, don shi ma kyawun mutum yake kallo. Bambancinsu shi ne shaƙuwa tana son riƙewa, tana zaɓe, tana jin ciwo idan ba a rama mata ba. Mutane da yawa suna zaune suna jin wani ɗumi a ƙirji su ɗauka sun kai, alhali na kusan ne ya shigo gida.

A kan maƙiyi kuwa ya daɗe, don ya san nan ne ake tuntuɓe. Ya ce mai fushi kamar wanda ya ɗauki garwashi da hannu ne zai jefi wani, kansa zai fara ƙonawa. Ya ce ka nemi hali ɗaya mai kyau a jikin mutumin ka tsaya a kai. In bai yi ba, ka tambayi kanka da me kake fushi, da gashinsa ne, ko da farcensa, ko da ƙashinsa? In duk wannan bai yi ba, ka tashi ka ba shi kyauta, ko ka karɓi tasa. Ina son wannan shawarar ta ƙarshe, domin ta yarda cewa wani ƙullin ba ya kwancewa a zaune.

Alamar an kai ita ce abin da ya kira rushe shinge. Ka ɗauka kana zaune da amininka da baƙo da maƙiyinka, sai 'yan fashi suka zo suka ce a ba su mutum ɗaya su yanka. Idan zuciyarka ta ce su ɗauki wane, shingen yana nan. Abin mamakin shi ne ko ka ce su ɗauke ni su bar ukun nan, shingen bai rushe ba, don har yanzu kana nufin ɗaya cikin huɗun da cuta. Sai lokacin da ka kasa ganin wanda za ka miƙa. Daga nan ne ake shimfiɗa fatan zuwa gabas da yamma, kudu da arewa, sama da ƙasa, har babu mai ran da ya rage a waje.

Kada ka ɗauka Buddha ya yarda da laushin fuska a matsayin hujja. A wani nassi ya ba da labarin wata uwargida a Savatthi mai suna Vedehika, wadda gari ya shaida da haƙuri da sanyin hali. Tana da baiwa mai ƙwazo, Kali. Wata rana Kali ta ce a ranta, shin uwargijiyata ba ta da fushi ne, ko kuwa aikina ne bai taɓa ba ta dalili ba? Sai ta makara da gangan. Uwargida ta ɗaure fuska. Ta ƙara makara, uwargida ta yi faɗa. A karo na uku ta ɗauki sakatar ƙofa ta fasa mata kai. Kali ta fita jini na zuba tana nuna wa maƙwabta aikin mai sanyin hali. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A ƙarshen wannan nassin ne Buddha ya kafa ma'aunin da ya fi kowanne tsanani: ko da 'yan fashi suna yanka ka gaɓa-gaɓa da zarto mai mariƙi biyu, wanda ya bar ƙiyayya ta shiga zuciyarsa bai bi koyarwata ba.

Na san abin da zai zo wa mai karatu a nan, kuma bai kamata a tsallake shi ba. A 2007 masu zuhudu a Myanmar sun fito titunan Yangon suna rera nassin metta a gaban sojoji. Shekara 10 bayan haka, a 2017, sojojin ƙasar suka afka wa Musulmin Rohingya, fiye da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash, kuma akwai masu sanye da rigar zuhudu, irin su Wirathu, da suka shafe shekaru suna hura wutar ƙiyayyar. Wannan abu yana yi mini ciwo, kuma da ma'aunin nassinsu ma an faɗi jarrabawar Kali. A ɗaya gefen akwai Maha Ghosananda, wani mai zuhudu na Kambodiya. Bayan mulkin Khmer Rouge na 1975 zuwa 1979 ya hallaka danginsa tare da ɗimbin mutanen ƙasar, ya shiga sansanonin gudun hijira a kan iyakar Tailan yana karanta wa waɗanda suka tsira baitin da ke cewa ƙiyayya ba ta ƙarewa da ƙiyayya, sai da rashinta. Daga 1992 ya riƙa jagorantar tattakin zaman lafiya ta yankunan da ke cike da nakiyoyi. Nassi ɗaya suke haddacewa, shi da Wirathu.

Mu koma kan kuɓuta. Nassosin suna kiran wannan aiki metta cetovimutti, 'yantuwar zuciya ta hanyar metta, kuma suna yabonsa sosai. Wani ya ce duk ayyukan neman lada ba su kai kashi ɗaya cikin 16 na darajarsa ba, kamar hasken taurari a gaban na wata. Wani ya lissafa amfani 11: barci mai daɗi, farkawa cikin walwala, rashin mugun mafarki, farin jini a wurin mutane, saurin nutsuwar hankali, hasken fuska, mutuwa ba cikin ruɗewa ba, da sauransu. Amma ka lura da na sha ɗayan. Cewa ya yi: idan bai kai ga abin da ya fi haka ba, za a haife shi a duniyar Brahma. Sharaɗin nan na "idan bai kai ba" shi ne duk maganar.

Brahma a addinin Buddha ba mahalicci ba ne. Wani mai rai ne mai ɗaukaka da tsawon kwana, amma shi ma yana cikin zagayen, kwanansa yana ƙarewa. Akwai nassin da ya ce mutumin da bai sami basira ba, idan wa'adinsa ya cika a can, yana iya faɗowa har zuwa cikin dabbobi ko gidan azaba. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan.

Labarin Dhananjani ya fi kowanne fito da wannan fili. Wani babarahmane ne, wato ɗan ajin malaman addinin gargajiya na Indiya, a birnin Rajagaha da ke cin dukiyar jama'a da sunan sarki, ya ci ta sarki da sunan jama'a. Da ciwon ajali ya kama shi, Sariputta, babban almajirin Buddha, ya je duba shi, ya koya masa halayen nan huɗu, ya tashi ya tafi. Dhananjani ya mutu aka haife shi a duniyar Brahma. Da Sariputta ya dawo, Buddha ya tambaye shi me ya sa ya ajiye mutumin a wannan ƙaramin matsayi ya tashi, alhali da sauran aiki. Ka duba, duniyar Brahma ce ake kira ƙaramin matsayi.

Me ya sa ba ta isa ba? Buddhaghosa ya bambanta danne abu da tumɓuke shi. Ya ce nutsuwa mai zurfi, wadda suke kira jhana, kamar tulu ne da aka tsoma a ruwan da kainuwa ta rufe. Muddin tulun yana ciki kainuwar ta ja gefe. Ka ɗaga shi, ta dawo ta rufe wurin. Metta tana iya kai mutum mataki na uku cikin matakan jhana 4, na huɗun sai da upekkha. A duk tsawon lokacin babu ƙiyayya a zuciyarsa ko ɗigo, kuma wannan 'yanci ne na gaske. Amma saiwar tana ƙasa. Saiwar ita ce wuta ta uku, ruɗun da ke sa mutum ya ga akwai wani "ni" tabbatacce da za a kare, a ciyar, a rama wa. Metta tana aiki da masu rai a matsayin mutane, ni da kai da wane. Basirar da suke kira vipassana ita ce ke kwance wannan ɗaurin, ta nuna cewa duk abin da ya haɗu zai watse, ba ya gamsarwa, kuma babu mai shi a cikinsa. A lissafinsu mugun nufi ba ya tsinkewa har abada sai a mataki na uku cikin matakan tsarkaka 4, na wanda suke kira anagami, marar dawowa, kuma basira ce ke kai mutum can.

Ba kowa ya yarda da wannan karatun ba. Richard Gombrich, wanda ya daɗe yana farfesan Sanskrit a Jami'ar Oxford, ya ce na baya ne suka rage wa metta matsayi. Hujjarsa nassin Tevijja ne, inda samari biyu 'yan barahmanai, Vasettha da Bharadvaja, suka zo suna gardama kan hanyar haɗuwa da Brahma. Buddha ya koya musu halayen huɗu, ya kamanta mai yin su da mai busa ƙaho da ake jin sa ta kowace kusurwa. Gombrich ya ce Buddha ya saba ɗaukar kalmar abokin magana ya zuba mata sabuwar ma'ana, don haka zama da Brahma a bakinsa nibbana yake nufi, almajirai suka ɗauki aron magana a zahiri. Maganar tana da ƙarfi, kuma ta yi amfani wajen tunatar da masu ganin metta aikin 'yan koyo ce. Amma ban gamsu da ita gaba ɗaya ba. Kafin ta tsaya sai an ture nassosi da yawa gefe, har da na Dhananjani, da wani inda Buddha ya ce a wata rayuwa ta baya, yana Sarki Makhadeva, ya yi halayen huɗu suka kai shi duniyar Brahma kawai, ba nibbana ba. Akwai kuma inda almajirai suka kawo masa labarin cewa masu zuhudu na wasu ɗariƙu ma suna koyar da halayen, suka tambayi bambanci. Ya nuna musu cewa nasa ana renon su ne tare da sassan farkawa 7, irin su kula da binciken gaskiyar abubuwa. Wato shi da kansa bai ɗauki metta ita kaɗai a matsayin abin da ya zo da shi ba.

Mabiya Mahayana, wani babban reshe na addinin da ke Tibet da Sin da Japan, sun ɗaga matsayin ƙauna da tausayi sama da haka, don burinsu mutum ya zama Buddha domin ya kuɓutar da kowa. Malaman Tibet suna sa almajiri ya ɗauki kowane mai rai a matsayin wanda ya taɓa zama mahaifiyarsa. Duk da haka su ma suna cewa tausayi da hikima fikafikai biyu ne na tsuntsu ɗaya. Shi kuwa salon da ya yaɗu a Amurka tun shekarun 1970, ta hannun malamai irin su Sharon Salzberg, yawanci ana koyar da shi ne don rage damuwa da daina tsangwamar kai. Yana taimakon mutane, ban raina shi ba, amma ba shi ne abin da ka tambaya ba.

Yadda abubuwa biyun ke haɗuwa ya fi bayyana a amsar da Ananda, ɗan'uwan Buddha kuma hadiminsa, ya ba wani attajiri mai suna Dasama. Dasama ya zo Pataliputta kan wata hidima, ya bi sawun Ananda har wani ƙauye kusa da Vesali, ya tambaye shi ko akwai abu guda da Buddha ya koyar wanda zai 'yanta zuciyar da ba ta 'yantu ba. Cikin abin da Ananda ya lissafa akwai metta. Ya ce mutum zai cika kowace kusurwa da fatan alheri, sannan ya juyo ya dubi wannan halin da kansa ya ce: wannan 'yantuwar ma haɗa ta aka yi, da niyya aka gina ta, kuma duk abin da aka gina mai gushewa ne. Idan ya tabbata a kan wannan ganin, dattin zuciyarsa zai ƙare. Idan da saura, saboda yana jin daɗin halin, zai zama marar dawowa.

Wannan shi ne wurin da ya fi wuya, kuma shi ya fi taɓa ni. Sakin fushi abu ne da kowa ke ganin dalilinsa. A nan ana cewa mutum ya dubi mafi kyawun abin da zuciyarsa ta taɓa ɗanɗana, bayan watanni ko shekaru na wahala, ya ƙi riƙe shi a matsayin nasa. Kuma metta ce ta shirya shi ga hakan. Zuciyar da ke cike da haushi ba ta iya kallon kanta, tana kallon mai laifi ne. Wanda ya rushe shinge tsakaninsa da maƙiyinsa ya riga ya sassauta damƙar da ya yi wa "ni", don haka basira ba ta tarar da ƙofa a kulle. Shi ya sa a kwasa-kwasan kwana 10 na malamin zaman tunani S. N. Goenka, waɗanda na basira ne, ake koyar da metta a rana ta goma, wasu malaman kuma suke farawa da ita. Ko shahararren nassin metta mai baiti 10, wanda ya ce a riƙi dukan masu rai kamar yadda uwa ke kare ɗanta tilo da ranta, bai tsaya a kan uwar ba. Baitinsa na ƙarshe ya koma kan barin ra'ayoyin ƙarya, da samun gani, da kawar da kwaɗayin jin daɗi, sannan ya ce irin wannan ba zai sake kwanciya a mahaifa ba.

Ananda ya ƙirga wa Dasama hanyoyi 11 a ranar: jhana huɗu, halayen nan huɗu, da wasu matakan nutsuwa uku, kowanne da irin wannan juyowar a ƙarshensa. Dasama ya ce ya zo neman ƙofa ɗaya ya sami goma sha ɗaya, kamar mai gida mai ƙofa goma sha ɗaya da gobara ta kama, ta kowacce zai iya fita da ransa. Ya tara masu zuhudu na Pataliputta da na Vesali ya ciyar da su da hannunsa, ya ba kowanne tufafi, ya kuma gina wa Ananda masauki.